Cinikin Hayaƙi: Abin da Kasuwar Kabon Ta Rage, da Abin da Za Ta Tarar a Galadi

Tun daga Nuwamban 2021, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawari a taron sauyin yanayi na Gilasgo cewa nan da 2060 Najeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take shanyewa, ya kuma dawo gida ya sa hannu a Dokar Sauyin Yanayi, maganar kasuwar kabon ba ta bar bakin jami'an Abuja ba. A taron Masar na 2022 aka ƙaddamar da shirin kasuwannin kabon na Afirka, da burin nahiyar ta riƙa samar da takardun kabon miliyan 300 a shekara nan da 2030, waɗanda aka ƙiyasta za su kawo dala biliyan 6. Idan aka tashi lissafa inda hajar za ta fito, ba a tsallake jihohi 11 na bakin hamada da shirin Babbar Koriyar Ganuwa ya ratsa, Zamfara kuwa tana cikinsu. Ke nan gawon da ke tsakiyar gonar manomin Galadi, da murhun da matarsa ke tuwo a kai, da abin da ya rage na dazuzzukan Zurmi da Shinkafi, duk suna iya zama haja a kasuwar da ake ci a can wata duniya. Don haka ya zama dole mu tambaya ko wannan ciniki yana rage iskar da ke ɗumama duniya da gaske. Abin da hujjoji suka nuna shi ne kasuwanni biyu ne ake kira da suna ɗaya. Ɗaya tana da iyaka da mai tsaron iyakar, ta kuma rage hayaƙi, ko da ba kamar yadda ake kururutawa ba. Ɗayar ba ta da iyaka, kuma ita ce za ta ƙwanƙwasa ƙofar mutanen Galadi.

Ga yadda ta farko take aiki. Hukuma ta ƙidaya manyan masana'antu da tashoshin lantarki, ta yanke jimillar hayaƙin da aka yarda su fitar a shekara, ta kasa jimillar zuwa takardun izini, kowace takarda tan ɗaya. A ƙarshen shekara kowane kamfani zai miƙa takardu daidai da abin da ya fitar, bayan mai bincike daga waje ya tantance lissafinsa. Wanda ya rage hayaƙinsa har takardu suka yi masa saura ya sayar, wanda nasa suka gaza ya saya. A ƙaddara akwai masana'antar siminti da ragin tan ɗaya zai ci mata yuro 90, da tashar lantarki da za ta rage tan ɗaya a kan yuro 30 idan ta bar kwal ta koma gas. Idan takarda tana yuro 60, tashar za ta rage fiye da rabonta ta sayar wa mai siminti rarar, dukansu su ci riba, jimillar hayaƙi kuma ba ta ƙetare abin da aka yanke ba. A lura da aikin da cinikin ya yi a nan. Bai ƙara ko tan ɗaya a kan ragin da iyaka ta tilasta ba, ya dai nemo wanda ragin ya fi yi wa araha. Amurka ce ta fara gwada wannan dabara a babban sikeli, ƙarƙashin dokar tsabtar iska ta 1990, a kan hayaƙin farar wuta da tashoshin kwal ke fitarwa, kuma hayaƙin ya ragu a kan kuɗin da bai kai abin da aka yi hasashe ba.

Tarayyar Turai ta ɗauki darasin ta buɗe tata kasuwar a 2005, wadda ta ƙunshi masana'antu da tashoshi kusan 10,000, kimanin kashi 40 cikin 100 na hayaƙin Tarayyar. Shekarunta na farko abin kunya ne, kuma ya kamata a faɗe su dalla-dalla domin a cikinsu darasin yake. Gwamnatoci sun raba takardun kyauta, kowace tana tausaya wa kamfanonin ƙasarta, har takardu suka fi hayaƙin yawa. Da lissafin gaskiya ya fito a 2006, farashin da ya kusa yuro 30 ya rikito, kafin ƙarshen 2007 takarda ta zama kusan banza. Wasu kamfanonin lantarki ma sun ɗora wa masu biyan kuɗin wuta darajar takardun da suka samu kyauta. Sai karayar tattalin arziki ta 2008 ta rage aikin masana'antu, rarar takardu ta taru har kusan biliyan 2, a 2013 farashi ya sauka ƙasa da yuro 5. A wannan farashi babu mai tashar kwal da zai sauya komai. Abin da ya farfaɗo da kasuwar shawarar hukuma ce: aka koma yin gwanjon yawancin takardun tashoshin lantarki, daga 2019 aka kafa rumbun da ke janye rara daga kasuwa, aka kuma ƙara saurin tsuke iyakar kowace shekara. A Fabrairun 2023 takarda ta haura yuro 100 a karon farko, kuma a wannan shekara hayaƙin masana'antun da ke cikin tsarin ya yi ƙasa da na 2005 da kimanin kashi 47 cikin 100. Wanda ya kasa miƙa takarda kuwa tarar aƙalla yuro 100 ce a kan kowane tan, kuma biyan tarar bai ɗauke masa kawo takardar ba.

Mai ja zai ce wannan kashi 47 ba aikin kasuwa ba ne. Yana da gaskiya mai yawa. Jamus ta zuba kuɗin tallafi a lantarkin rana da na iska, farashin faifan sola ya karye a duniya, karayar tattalin arziki da annobar korona sun rufe masana'antu. Da babu kasuwar ma, hayaƙin Turai zai ragu. Amma masu bincike sun samo hanyar rarrabe wannan daga wancan. Da yake doka ta sa masana'antun da suka kai wani girma ne kawai a tsarin, ana iya kwatanta wadda ta ɗan haura ma'aunin da takwararta da ta ɗan gaza, a ƙasa ɗaya, a sana'a ɗaya, a shekaru ɗaya. Binciken da aka yi ta wannan hanya a kan masana'antun ƙasashe huɗu na Turai ya gano ragin kimanin kashi 10 cikin 100 tsakanin 2005 da 2012, ba tare da asarar ayyuka ko riba ba. Wani da Patrick Bayer da Michaël Aklin suka wallafa a 2020 ya ƙiyasta cewa tsarin ya hana fitar tan biliyan 1.2 tsakanin 2008 da 2016, wato kusan kashi 4 cikin 100 na duk hayaƙin Tarayyar, kuma a shekarun da farashi yake ƙasa. A 2024 wasu masana suka tattara bincike iri-iri a kan tsare-tsaren sa wa kabon farashi a duniya, suka ga ragi tsakanin kashi 5 zuwa 21 cikin 100 a mafi yawansu, adadin da ya ɗan sauka da suka cire son zuciyar wallafa sakamako mai daɗi. Jessica Green ta Jami'ar Toronto ta karanta hujjojin da ido mai tsanani, ta ce ragin bai cika wuce kashi 2 cikin 100 a shekara ba. Ko da nata adadin aka ɗauka, ragi ne na gaske, sai dai ya yi kaɗan a kan girman matsalar. A ganina hukuncin adalci ke nan: kasuwa mai iyaka tana aiki gwargwadon tsananin iyakarta. Shi ya sa ta ƙasar Sin, wadda aka buɗe a 2021 kuma ta fi kowace girma, ba a iya jingina mata babban ragi tukuna, domin ma'auninta hayaƙin kowane awon abin da aka samar ne, jimilla kuwa tana iya ci gaba da hawa.

Kasuwa ta biyu daga yarjejeniyar Kiyoto ta 1997 ta samo asali. An ce tunda iska ɗaya ce, kamfanin da ke ƙasa mai arziki yana iya biyan a rage hayaƙi a ƙasa mai tasowa, a ba shi takardar shaida, ya ci gaba da fitar da nasa. A nan ƙasar mai sayarwa ba ta da iyaka, don haka ba a auna ragin da wani adadi da aka yanke. Ana auna shi ne da zato: da ba a yi wannan aiki ba, nawa za a fitar? Kuma ko komai ya tafi daidai, sakamakon canjaras ne, tan ɗaya ya ragu a nan, tan ɗaya ya fita a can. Idan zaton ya yi kumburi, duniya ta ƙaru da hayaƙi ke nan alhali takarda na cewa an biya. Tarihi ya nuna kumburin ba tsautsayi ba ne. Masana'antun iskar firji a Sin da Indiya sun tarar kuɗin ƙona wata muguwar iska da ke fita a matsayin dusar aikinsu ya fi ribar hajar kanta, har aka zarge su da ƙara samarwa don su ƙara ƙonawa, Tarayyar Turai ta daina karɓar irin takardun daga 2013. A gida ma muna da misali. A 2006 aka yi rajistar aikin kama gas na Kwale a Jihar Delta don sayar da takardu, alhali dokar 1979 ta riga ta haramta ƙona gas ba da izinin minista ba tun daga 1984, kuma a 2005 Babbar Kotun Tarayya da ke Benin ta yanke cewa ƙona shi tauye haƙƙin rayuwa ne. Masu suka suka tambaya, kuma tambayar tana nan: ana biyan mutum ladan barin abin da doka ta hana shi? A 2016 wata cibiyar bincike ta Jamus ta yi wa Tarayyar Turai nazarin tsarin gaba ɗaya, ta ce kashi 85 cikin 100 na ayyukan da ƙyar ne ragin da suke iƙirari ya zama na gaske kuma ƙari a kan abin da zai faru dama.

Hajar da ta fi kusa da gidajen arewacin Zamfara ita ce murhu mai tsimin itace. Ba sabon abu ba ne a arewa, domin tun 2009 aka yi rajistar shirin murhun Save80 da wata ƙungiya ta Kaduna ta yi da abokan hulɗarta na Jamus, kuma murhu mai kyau yana tsimin itace ba shakka. Matsalar tana wajen lissafi. Kafin murhu ya zama takarda sai an ƙiyasta abubuwa huɗu: itacen da gidan ke ƙonawa a da, wanda yake ƙonawa yanzu, yawan ranakun da ake hura sabon murhun, da kason itacen da ba ya sake tsirowa. A shiga madafar babban gida a Galadi ko Kaura Namoda a duba. Tukunyar tuwon mutum 20 ba ta zama a kan ƙaramin murhun ƙarfe, kuma tuƙin tuwo yana son tukunya ta kafu a kan duwatsu uku. Sai sabon murhun ya zama na koko da miya da ruwan shayi, tsohon kuma yana ci a gefensa. Da sanyin hunturu ana hura wuta don jin ɗumi, ba don girki kaɗai ba. Bayan girbi kuma gidaje da yawa karan dawa da na gero suke ƙonawa, wanda damina mai zuwa za ta sake tsirar da shi, don haka tsiminsa bai hana wani kabon daɗewa a sama ba. Idan mai tambaya ya zo da takarda ya ce, “Inna, kina amfani da murhun da aka ba ki?”, kunya da ladabi ba za su bar ta ta ce a'a ba. Kowane ɗayan ƙiyasin huɗu idan ya ɗan karkata, ninka juna suke yi. A 2024 masu bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli suka wallafa cewa ayyukan murhun da suka duba sun fitar da takardu kimanin ninki 9 na ragin da suka yi. Shekara guda kafin nan jaridun Guardian da Die Zeit sun ruwaito cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na takardun kare daji da suka bincika a ƙarƙashin ƙungiyar Verra mai ba da irin takardun ba su da ragi a bayansu. Verra ta musanta, amma farashin irin takardun ya faɗi.

Dalilin wannan kumburi ba sai an nemo mugu ba. A kasuwar hatsi ta Shinkafi mai saye yana zuba ido a kan mudu, domin shi zai ci hatsin, idan an tauye shi gidansa ne zai kwana da yunwa. A kasuwar takardun shaida mai sayarwa yana son mudun ya nuna yawa, mai saye ma yana son takarda mai araha da yawa, mai tantancewa kuma mai aikin ne ke biyansa. Wanda aka tauye shi ne sararin sama, kuma ba ya zuwa kasuwa. A ƙarshe tauyewar tana komawa kan manomin da damina ke yi wa gardama, wanda ɗan ƙasarsa ba ya fitar da ko tan ɗaya na hayaƙin mai da gas a shekara, alhali na Amurka yana fitar da fiye da tan 13.

Itatuwa sun fi murhu wuyar sha'ani. Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram sun yi abin da duniya ke zuwa kallo. Tun tsakiyar shekarun 1980 manoma suka koma sassaben zamani: maimakon a sare duk tohon da ya fito daga kututture, sai a zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi, a datse sauran, a kare su daga awaki har su zama itace. Ta haka gawo da kalgo da sabara da aduwa suka dawo a kimanin hekta miliyan 5, itatuwa kusan miliyan 200. Ba kuɗin kabon ne ya yi wannan ba. Manomi ya tabbata itacen gonarsa nasa ne, ba na ma'aikacin gandun daji ba, ya kuma ga gero ya fi kyau a gindin gawo. Abin takaici, ƙa'idar kasuwa ba ta biyan irin wannan manomi, tunda zai yi ko ba a biya shi ba. Inda aka gwada biyan kuma, kamar shirin dashen dakwara da Bankin Duniya ya tallafa a Nijar, ƙauyuka sun jira fiye da shekara 10 kafin kuɗin kabon ya iso hannunsu. Sai batun ɗorewa. Wani kaso na hayaƙin mai yana zama a sama ɗaruruwan shekaru, itace kuwa gatari ɗaya ko gobarar daji ɗaya ta ishe shi. Wa zai lamunci itace na shekara 30 a gefen dajin Dumburum, inda ɗan bindiga ke yanke wanda zai yi noma da wanda zai biya kuɗin girbi, inda aka taɓa rufe layukan waya na jiha baki ɗaya a Satumban 2021? Tauraron ɗan Adam yana ganin inuwar itace daga sama, amma ba ya faɗin wanda ya sare shi ya yi gawayi, ko mai gonar yana gudun hijira a Gusau.

Akwai kuma tambayar da ta fi ba ni tsoro, wato wa ke da ikon sayarwa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar jiha amana a hannun gwamna. Ana iya sa hannu a Gusau ko Abuja a kan dajin da makiyayi ke kiwo, mace ke itace, maharbi ke farauta, ba tare da an tambayi ɗayansu ba. A arewacin Kenya an yi babban shirin kabon a filayen kiwo, makiyaya suka kai ƙara, a Janairun 2025 kotu a Isiyolo ta ce an kafa yankuna biyu da ƙarar ta shafa ba bisa ƙa'ida ba. Zamfara ta riga ta ɗanɗana abin da cinye burtali da makiyaya ke haifarwa. Duk yarjejeniyar da za ta killace daji da sunan kabon ba tare da manomi da makiyayi sun zauna a kanta ba, itace za ta ƙara wa wutar da ke ci.

Za a ce, to, ko ragin bai cika ba, ai kuɗi na shigowa inda babu, mace kuma ta huta da hayaƙin da ke cin idonta da huhun goyonta. Wannan hujja ce mai nauyi, kuma ban ga dalilin da zai sa talaka ya ƙi murhu ko ladan raino itace ba. Amma alherin murhu ga lafiya daban, izinin da takardarsa ke ba wani ya ci gaba da ƙona mai daban. Ana iya biyan na farko ba tare da na biyu ba, a kira shi gudummawa ko biyan bashin ɓarnar da masu arziki suka yi, kada a rubuta shi a matsayin goge hayaƙin wani. Za a kuma ce ana gyara, kuma gaskiya ne: akwai murhu masu na'urar da ke ƙidaya lokacin da aka hura su, an tsaurara ƙiyasin itacen da ba ya tsirowa, a taron Baku na 2024 kuma an kammala ƙa'idojin ciniki na yarjejeniyar sauyin yanayi ta Faris. Sai dai duk gyaran da ya yi aiki yana rage yawan takardu ya ƙara musu tsada, wanda ke nufin biliyoyin da ake ambata a taruka za su tsuke. Akwai wani abin lura ma: a sabon tsarin, tan ɗin da Najeriya ta sayar wa wata ƙasa da izini dole ta cire shi daga nata lissafin. Idan ta sayar da masu araha yau, masu tsada ne za su rage mata gobe idan ta zo cika alkawarin 2060.

Idan Najeriya na son kasuwar da ke rage hayaƙi, wurin farawa shi ne inda hayaƙin ya taru kuma yake aunuwa: harsunan wutar gas na yankin Neja Delta, da masana'antun siminti irin na Obajana da Kalambaina, da na takin zamani, da tashoshin lantarki. Su kaɗan ne, suna da adireshi, kuma tauraron ɗan Adam yana auna wutar gas kowane dare. Matsin lamba ma yana zuwa daga waje, domin Tarayyar Turai ta kafa harajin kabon a kan iyakarta a kan siminti da ƙarfe da taki da wasu kayayyaki, don kada masana'antu su gudu inda babu farashi. Kuɗin da ba mu karɓa a gida ba, wasu za su karɓa a tashar jirgin ruwansu. Cewa farashi yana sauya hali kuwa mun gani da idonmu. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, masu noman rani da ke da hali suka fara sauya injin ban ruwa na fetur da na sola, gidajen da gas ya gagara kuma suka koma gawayi da itace. Farashin da ya rage hayaƙi a fadama shi ya ƙara sara a daji, saboda babu abin da aka tanadar wa mara hali. Don haka kuɗin gwanjon takardun manyan masana'antu, idan an kafa tsarin, ya kamata doka ta ɗaure wani kaso nasa ga irin famfon sola na fadamun Gagare da Bunsuru, da murhun da zai ɗauki tukunyar babban gida, da ladan manomin da ya bar gawo a gonarsa. Sharaɗin duka shi ne hukumar da za ta iya cin babban kamfani tara ta kuma karɓa. Ƙa'idojin 2018 sun sa dala 2 a kan kowane ƙafa 1,000 na gas da babban kamfanin mai ya ƙona, amma har yanzu Bankin Duniya yana lissafa Najeriya cikin ƙasashe 10 da suka fi ƙona gas a duniya, fiye da shekara 40 bayan wa'adin da doka ta yanke.